Itatuwan Iya Ndimba

Ranar wata Juma'a a farkon damina, ina 'yar shekara tara, ina wanke tukwane a bakin rafi, wata farar mota ta tsaya a zangonmu da ke bakin kurmin kudancin Kamaru. Mutum uku suka fito da gwangwanin jan fenti da takardu, takalmansu fes kamar ba su taɓa taka laka ba. Ban san me ya sa ba, tun a lokacin raina bai kwanta da su ba.

Mu Hausawan zango fatauci ya kai iyayenmu can, ainihin masu wurin kuwa mutanen kurmi ne. Ba sa noma irin namu, dajin ne rumbunsu. Akwai wata tsohuwarsu, Iya Ndimba, ƙawar Innata, wadda ke kawo mana zuma a ƙunshin ganye da man ƙwallon wani ƙaton itace, Inna ta ba ta gishiri da sabulu. Da jikokinta muke wasan ɓuya a gindin ayaba, su suka koya mini gane naman kaza na ci da mai kisa. Amma abu ɗaya ko da wasa ba sa yi, wato nuna wa baƙo itacen zumarsu. Ni da nake cin abinci a kwanonsu ma ban taɓa gani ba.

Baƙin suka ce ci gaba suka kawo. Masu yankan katako na tafe, don haka a nuna musu kowane itace mai amfani su shafa masa fenti, ba mai taɓa shi. Iya Ndimba ta zo shawara gidanmu, Inna na tuƙa tuwo. Inna mace ce da ko sallama aka yi mata da fara'a sai ta binciki dalili. Har yau ina jin muryarta: "Ni dai a kasuwa, ragon da aka riga aka saya shi ake shafa wa fenti. Kada ki nuna musu." Tsohuwa ta gyaɗa kai. Washegari ta zaga da su daji, ta nuna musu tarkacen itatuwa marasa amfani, suka shafe su tas suna ta godiya.

Da rani injuna suka iso. Duk itacen da ke da fenti suka bar shi tsaye, na zuma da na mai kuwa suka kwantar. Iya Ndimba ta zo da kwandonta wayam, ta zauna a ƙofar ɗakin girki, ba ta zargi kowa ba. Inna ta zuba mata gishiri kamar kullum. Ta ce da an nuna musu ma da sun san inda za su fara, amma ba ta kalli kowa ba da take faɗa. Na ji tausayinsu su biyun.

Yau shekaruna sun ja, ina sayar da abinci a unguwar Bab Makka tun da umra ta kawo ni Jidda na zauna. Duk sanda aka ce a kai suna za a gyara mana iƙama, wato takardar izinin zama, ni ce ta farko mai hana mutane. Jikata takan ce, "Halas, ya isa haka ya Hajiya, ba kowa ne mugu ba." Sai Iya Ndimba ta faɗo mini a rai, don na taɓa ganin ranar da baƙo ya faɗi gaskiya, mu ne muka ƙi yarda.