Dutsen da Malam ya saka a cikin jita

Da aka yi wa mijina, Malam, canjin makaranta zuwa Haɗeja, abin da ya dame ni ba zafi ba ne, ba sauro ba. Ƙasar ce ba ta amsa magana. A garinmu na kan duwatsun Filato, in kika rera waƙa a bakin rafi sai dutse ya maido miki da ita. Haɗeja kuwa ko'ina shimfiɗe, da damina ruwa ya malale fadama har iyakar gani, ki ɗaga murya ta bi ta kan shinkafa da bado ta tafi abinta. Sai na daina waƙa, ni da ko daka ba na yi shiru. Kewa ta ci ni. Na ɗaure kayana, na ce masa in ruwa ya janye aka samu hanya, gida zan koma.

Ya ɗauko jitarsa mai lantarki, wadda yake kaɗawa a coci, ko ƙura ba ya bari ta hau ta, ya kife ta a tabarma ya fara fafe bayanta kamar ƙwarya. Ya farke tsohuwar rediyonmu ya kwashe kayan cikinta. Ya samo siririn sifirin, wato murɗaɗɗiyar wayar ƙarfe, da kan garmaho wurin wani mai gyara, ya yi ta liƙa wayoyi da dalma, ƙauri ya cika ɗaki.

Na ce, "Malam, mace na shirin tafiya kai kana fiɗar jita? Sannu da aiki."

Ya ce, "Yauwa, Uwargida. Miƙo min batir."

Ranar da ya gama, da la'asar ne, muna zaune a ƙofar gida. Rana ta kwanta a kan ruwa, wani masunci yana tura kwalekwale a hankali kamar mai jin barci. Malam ya haɗa lasifika, ya murɗa ɗan makunnin da ya dasa, ya taɓa tsirkiya ɗaya. Sautin ya fita, ya yi ɗan nisa, sai ga shi yana dawowa yana rawa. Na ji ƙanshin jiƙaƙƙen dutse, wallahi na ji shi.

Don kada ya ji daɗi na ce, "Wannan ai rijiya ce, ba dutse ba."

Ya ci gaba da kaɗawa. Ban san lokacin da bakina ya kama waƙar ba. Ruwa ya janye, hanya ta buɗe, ni kuwa na riga na kwance kayana.

A Haɗeja muka tsufa, a can muka binne shi. Yanzu 'ya'ya sun maido ni gida, duwatsu ta kowane gefe. Nakan fita in yi waƙa, suna amsawa kuwa, ba su taɓa ƙi ba. Amma muryata ce kaɗai ke dawowa.