Lambar da Baffa ya gano

"Wannan lambar mara ce, ba ta rabuwa biyu daidai," in ji Baffa, yana dangwala yatsa a takardar.

A shekarun saba'in ne, na zo hutu Gumel daga jami'a da takardun aikin kwamfuta. Wata guda manhajar da ke tafiyar da kwamfutar jami'ar tana ƙamewa, digirina na neman suɓucewa. Littafin bayaninta bai faɗi dalili ba.

Baffa makiyayi ne daga Sule Tankarkar, lambobi kawai yake iya karantawa.

"Sauran duk cika ne, ɗana. Ita kaɗai ta fita daban."

Da na koma jami'a na canza lambar na gwada, ashe ita ce adireshin tarin bayanai, wato wurin ajiyarsu a ƙwaƙwalwar na'urar, kuma dole ya faɗa kan lambar cika. Nan take na'ura ta tashi!

Ku wa ya taɓa ba ku mamaki haka?