Yidir Mai Toshe Bakin Ruwa

Shekara talatin da ɗaya Yidir yana kula da magudanar da ke kawo wa ƙauyen Tagunt ruwa daga kan tsaunin Atlas. Aikin ba shi da yawa, sai ranar hadari. Idan sama ta zuba a can ƙololuwa, dole a toshe bakin magudanar kafin ambaliya ta shige ta, in ba haka ba tsakuwa da laka su fasa gonakin sha'ir da aka gina hawa-hawa a jikin gangare.

Ranar wata Talata, da azahar, yana tsoma burodi a man zaitun ya ji tsawa. Ya leƙa. Kan tsaunin ya ɓace cikin gajimare. Matarsa Itto ta ce ya ƙarasa cin abincin, ai gwiwoyin nan nasa ko akuya mai ciki ta fi su sauri. Ya naɗe jallabiyarsa a ƙugu ya fita.

Da gudu ya fara, irin gudun mutanen dutse, gajeren taku, kai a sunkuye. Yayyafi ya koma ruwa, ruwa ya gauraya da ƙanƙara. Inda hanya ta ƙare sai hawa da hannu. Ya cire takalmin tayarsa ya rataya a wuya, domin tafin ƙafa ya fi roba sanin jiƙaƙƙen dutse. Gansakuka sai santsi, yatsunsa sun daskare, hazo ya rufe ko'ina. Can sama yana jin rafi yana sauya murya.

Ya iso bakin magudanar, ya tarar ruwan ya fara yin ja saboda laka. Falalen dutsen da ake toshewa da shi na nan a gefe, amma yau hannu ya ƙi ɗaga shi. Sau biyu yana gwadawa. Sai ya zauna cikin ruwan har ƙirji, ya jingina baya da bango, ya tura da ƙafa biyu. Dutsen ya faɗa gurbinsa. Ya cusa ciyawa da laka a gefe-gefe, ya rarrafa ya hau tudu. Ba a jima ba ambaliyar ta wuce ta ƙasansa, ɗauke da itatuwa, ta bi kwarinta.

Saukowa ce ta gagara. Yana zaune yana karkarwa maƙwabcinsa Bihi ya ɓullo da alfadari. Ya ce tun da ruwan magudanar ya ɗauke a ƙauye aka san an toshe, Itto ce ta turo shi ya kwaso abin da ya rage na mijinta.

"Hau, tsoho. Ba zan gaya wa kowa ba."

"Kai? Kafin la'asar har limamin ƙauyen gaba ya ji."

Ya hau. Da suka karya kwana, gonakin suka bayyana a ƙasa, kore shar, ko hawa ɗaya bai rushe ba.