Toka a Dokin Ƙofa

Ƙarfe bakwai saura kwata na safiyar Litinin na zare sakatar zaurenmu, na ɗaga ƙafa zan fita, sai na mayar da ita ciki. Wani ya zuba toka a dokin ƙofar, doguwa kamar an ja layi da alli, daga wannan gefe zuwa wancan, bai bar ko wurin da kaza za ta bi ba.

A lokacin soja ba su daɗe da miƙa mulki ba. Hotunan 'yan takara suna nan manne a bangunan Wudil, ruwan farkon damina yana ɓare su kaɗan-kaɗan. Kowa zancensa farar hula, ni kuwa zancena jarrabawar gama sakandare, wadda muka shiga tsakiyarta. Iyayena suna Darki, inda Baba yake aiki a ɗakin shan magani. Saboda makaranta aka bar ni a Sabon Gari wurin Kaka, mahaifiyar Baba, da Goggo ƙanwarsa. Gidanmu kaɗai ne na Kirista a layinmu, kuma abin bai taɓa damun kowa ba. Da Sallah naman layya yana shigo mana har mu rasa inda za mu shanya, da Kirsimeti ni ce mai yawon kai shinkafa gida-gida.

Gida ɗaya ne kwano ya daina shiga tsakaninmu, gidan Hajiya mai waina da muke katanga ɗaya. Da rani kajin Kaka suka haura suka far wa shinkafar da ta shanya. Hajiya ta zo ta yi faɗa, Goggo ta mayar mata har da ƙari, Hajiya ta fita tana cewa, "Za ku gani!" Tun daga ranar suke gaba. Kaka dai ba ta fasa ɗaga murya ta kan katanga ta ce, "Hajiya, an tashi lafiya?" ba, ko da amsar ba ta wuce "Lafiya" guda ɗaya, busasshiya.

Na kira Goggo. Tana ganin tokar ta dafe ƙirji.

"Yesu Almasihu! Kar ki tsallake! Kin taka?"

"Ban taka ba, Goggo."

"To Allah ya cece ki. Ga 'za ku gani' nan mun gani. Don me ba a zuba ba sai da kika fara jarrabawa? Irinsa aka yi wa wata yarinya a Lajawa, mai ƙoƙari kamar ke. Ta tsallake, ta je aka ba ta takarda, ta zauna tana zana tsuntsaye har aka ce a ajiye biro."

Kaka ta fito tana laluben bango, don idonta ya fara yana. Ta sunkuya ta ɗebi tokar da yatsa, ta shinshina, ta kaɗe hannu a zani.

"Toka ce," in ji ta. Ta tsallake ta fita neman kazarta mai 'yan tsaki, ta dawo ta sake tsallakewa.

"Inna, ai ba da sunanki aka yi ba," in ji Goggo. "Wanda aka kira sunansa shi yake kamawa."

Ni yarinya ce marar magana, amma ina da bin diddigi, kuma ranar bin diddigin nan bai yi mini rana ba. Na durƙusa daga ciki na duba tokar da kyau. Fara ce, marar nauyi, da guntayen kara da ba su gama cinyewa ba. Mu da gawayi muke girki. A duk layin mutum ɗaya ce take hura wutar kara tun asuba, ita ce Hajiya da tandarta. Da na faɗa wa Goggo haka, ta kalle ni kamar na ci jarrabawar tun ban rubuta ba.

Burina makarantar koyon aikin jinya, kuma ban shirya zana tsuntsaye ba. Sai na zaga bayan gida, na kife turmi, na hau, na kama katanga. Bayanta kango ne da awakin unguwa suke kwana. Ban taɓa hawa ko bishiyar mangwaro ba a rayuwata. Na dira a kan gwiwa, siket ɗina ya tsage, wani bunsuru ya tsaya yana kallona yana tuƙa, kamar mai jiran bayani. Kafin in kewaya ta bayan unguwa in fito titi, rana ta ɗaga. Na tarar an raba takardu.

Goggo ta share tokar da rana tana waƙar zumuntar matan coci da ƙarfi don Hajiya ta ji, sannan ta jefa tsintsiyar a bola, wai ba a mayar da ita cikin gida. Ta yayyafa man zaitun a dokin ƙofa. Washegari ga sabuwar toka a kan man. Na sake hawa turmi. Kaka tana zaune a tabarma tana ba kaji tsaki, ta ji motsina ta ce, "Ƙawata, soja ma da bindigarsu sun sauko. Ke yaushe za ki sauko daga katangata?"

Ban yi dariya ba. Ranar ma na makara, kuma malamin da yake tsare mu ya tsayar da ni a bakin aji. Ya dubi gwiwata da ta kumbura, ya dubi kashin awakin da ya manne a takalmina, ya ce ba ruwansa da inda nake biyowa, amma ranar Alhamis Lissafi ne, duk wanda ya zo bayan an buɗe ambulan ɗin tambayoyi a waje zai tsaya. Ba a shiga makarantar jinya babu Lissafi.

Laraba ba mu da jarrabawa. Na wuni da littafi a buɗe a cinya ban karanta komai ba. Na tambayi Goggo ko man zaitun ya karya abin, ta ce ya rage masa ƙarfi dai, amma kar in gwada. Da yamma matar fasto ta leƙo gaishe da Kaka, na yi ta maza na tambaye ta. Ta ce mai bin Yesu ba ya jin tsoron irin waɗannan abubuwa. Na ji daɗi, sai dai da za ta tafi na lura ta tattare zani ta yi dogon taku a inda aka share tokar. Kaka kuwa abin da ya dame ta daban ne: tsintsiyarta ta uku ke nan a bola, ta ce idan Goggo ta ƙara jefar da ɗaya, da gashin kanta za ta yi shara.

Ruwa ya sauko kafin asubar Alhamis. Da gari ya waye na je bayan gida na dafa katanga, sai ƙasa ta biyo hannuna. Inda nake hawa ya yi laushi kamar tuwo. Na koma zaure na buɗe ƙofa ina fatan ruwan ya wanke mini hanya. Ga toka nan sabuwa fil a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, ta fi ta kullum kauri, har tururi take yi.

Na tsaya da biro biyu da fensir da rula a hannu, na fara kuka marar sauti. Goggo tana cewa a nemo tsani, ko a aika Darki a kira Baba, ko in bi ta taga, tagar da ko kyanwa sai ta rage ciki. Kaka ta zo ta zauna a dakalin zaure ta ce wa Goggo ta je ta duba koko a wuta. Ta jawo ni kusa.

"Ɗazu da muka durƙusa addu'ar safe, me muka roƙa?"

"Ubangiji ya tsare fitarmu da shigarmu."

"Daga wa?"

"Daga maƙiya."

"Jiya fa?"

"Haka muka roƙa."

"Tun kina goye haka nake roƙo a gidan nan. To kin roƙa, kin ce amin, kin tashi kin hau turmi. Kin ɗauki mai gadi ke nan, kin kuma karɓe masa sanda."

Na ce, "Kaka, kin san ko mene ne?"

"Ban sani ba. Ban san wanda ya zuba ba, ban san abin da yake nufi ba, kuma ba sai na sani ba."

"Idan asiri ne fa?"

"A ce asirin ne. Yesun da kabari bai riƙe shi ba, tokar kara ce za ta gagare shi? Na zauna a garin nan shekaru da yawa, ƙawata. Na ga masu sona, na ga waɗanda ba sa sona, ga ni zaune ina faɗa da kaji. Abu ɗaya na lura da shi, Ubangiji ba ya shawara da mutum a kan hannun da zai tsare shi da shi. Tashi, rana tana yi."

Na so ta riƙe hannuna, ta ƙi. Ta ce ita ba ta da Lissafi yau. Na tsaya a bakin ƙofa na yi addu'a mafi gajarta da na taɓa yi, ban ma kai ƙarshenta ba na rufe ido na ɗaga ƙafa. Ɗumin tokar ya taɓa mini idon sawu. Na buɗe ido na gan ni a waje, ga mai kalanzir yana wucewa da kekensa, ga yara suna ɗauke da kwanon waina. Ba abin da ya faɗo daga sama. Na dubi rular hannuna na karanta lambobinta daga farko har ƙarshe don in tabbata kaina yana nan, sannan na kama hanya da sauri.

Na riga malamin isa. Da aka raba takardu na duba tambaya ta farko, na ga na san ta. Akwai guda ɗaya a ƙarshe da ta ba ni wuya, amma wuya irin ta Lissafi ce, wadda na saba da ita. Ban zana ko fiffike ba.

Na dawo gida ina jin kamar in yi tsalle, na tarar Kaka ta jera ƙwai a ƙaramar ƙwarya ta rufe da faifai.

"Kai wa Hajiya."

Goggo ta ajiye muciya. "Inna! Matar da take neman haukata mana yarinya?"

"Idan maƙiyiya ce, an umarce mu mu yi mata alheri. Idan ba maƙiyiya ba ce, maƙwabciya ce. Ko ta ina ka biyo, ƙwan nan nata ne."

Da safe na tsallake toka, amma shiga gidan Hajiya ya fi mini wuya. Na yi sallama a hankali har sai da na maimaita. Tana zaune a kujera 'yar tsugunne tana goge tanda, ta miƙe ƙafafu gaba. Na durƙusa na gaishe ta, ina wuni, ina gajiya, ya aiki, ya ruwa. Ta amsa duka, ta tambayi Kaka da ciwon idonta, ta tambayi mutanen Darki, Goggo ce kawai ba ta tambaya ba. Ta buɗe faifan ta ga ƙwai, ta ce, "Oho, ɓarayin shinkafata ne suka aiko da diyya?"

Na sunkuyar da kai ƙasa. A nan idona ya sauka a ƙafafunta. Daga idon sawu zuwa ƙauri duk jajayen ƙuraje ne, ta shafa musu man kaɗanya. A gefen murhu ga tsohon kasko cike da farar toka, da guntayen kara a ciki. Na ji bakina ya buɗe da kansa.

"Hajiya, don Allah, ke kike zuba mana toka a ƙofa?"

"Da wa zai zuba? Goggonki mai barci har rana?"

"Me ya sa?"

Ta dube ni, ta dubi gwiwata, sai ta saki dariya har tandar ta kusa zamewa daga cinyarta.

"Au, shi ya sa ake ce mini an ga 'yar boko a kan katanga kamar ƙadangare? Ke 'yar nan, duk karatun naki? Ƙwarƙwasa ce! Jajayen tururuwan nan masu tafiya a jere. Tun ruwan farko suka fito daga kwata, kullum na tashi sallar asuba sai in gan su sun yi layi sun nufi zaurenku, sun jiyo 'yan tsaki. In suka shiga akurki ko gashi ba za su bari ba, kuma tsohuwa ba gani take ba. Toka mai zafi kaɗai suke tsoro. Dubi yadda suka yi mini da ƙafa. Da in tsaya in yi wa Goggonki bayani gara su cije ni. Ki gaya wa tsohuwa na gode, gobe ma zan zuba, kuma a daina zubar da tsintsiya, ina ɗauka. Kajin nan ni suka yi wa laifi. Ni da su ne, ba wanda zai riga ni."