Ga Sakataren Ƙungiyar Magina, Daga Kafintan da Ya Faɗo

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran Sakataren ƙungiyarmu ta masu gina gidaje, bayan gajeriyar jinya. Labarin ya same ni ina tsaye gaban allo a ɗakin koyarwa na ƙungiya. Na zauna a kan benci, sai wani dattijon birkila ya duba fuskata ya yi salati, sauran suka gane.

Yaya, haka nake kiranka ko da yake ba ciki ɗaya muka fito ba. Lokacin da ka karɓi ofishin nan, ƙungiya ba ta wuce wurin shan shayi da ƙorafi ba. Kai ka mayar da ita gida. A zamaninka aka samo injin kwaɓa siminti da dogayen tsanuka da ƙaramin magini zai ara ya mayar. Kai ka kawo lauyan da ke duba mana yarjejeniya kafin mu sa hannu. In dokar gini ta sauya, sai ka tara mu ka warware mana ita da harshen da mai fenti da mai walda za su fahimta. Ka yi ta yawo wuraren aiki a kan tsohon babur ɗinka, duk wanda ka gani ba hular kwano sai ka tsaya.

“Malam, ina hularka? Ko kana da wani kan ajiye a gida?”

Mukan yi dariya, amma mukan sa.

Ni kafintan rufi ne, rabin rayuwata a sama na yi ta. Wata safiya katakon da nake tsaye a kai ya karye, na faɗo kan tarin bulo. Hular ta tsage gida biyu, kaina ya tsira, ƙuguna da ƙafata suka karye. Likita ya gaya wa uwar 'ya'yana cewa ni da hawa rufi har abada. Ga gidan da nake rufewa a buɗe, damina ta kawo kai, mai gidan kuma an ba shi wa'adin tashi daga inda yake haya da iyalinsa. Ya zo ofishin ƙungiya yana faɗa, yana cewa sai ya kai ni kotu.

Ba ka yi masa gardama ba. Ka ba shi kujera da ruwa, ka bar shi ya amayar da abin da ke cikinsa, sannan ka ce ya tafi ya fara ɗaure kayansa. Ka bi kafintocin ƙungiya ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda muke takarar aiki da su. Kowa ya zo da gudumarsa da zartonsa. Kafin ruwan farko ya sauka, an buga kwanon ƙarshe. Mutumin da ya yi niyyar kai ni ƙara, shi ne ya zo duba ni asibiti riƙe da hannun 'yarsa.

Abin da ya fi wannan shi ne bayan an sallame ni. Na shige ɗaki na ƙi fita, ko sallamar abokai ba na amsawa. Ka zo ka ɗaga labule ba tare da neman izini ba, ka shimfiɗa zanen gida a kan cinyata.

“Ƙafa ce ta karye, Kafinta, ko har da ido?”

Na ce, “Yaya, ni da sunana ma da ƙyar nake rubutawa.”

Ka ce, “Rufin da ka iya da hannu shi ne a takardar nan. Tashi mu je.”

Ka sa ni ajin karatun zanen gini da ƙungiya ta buɗe. Duk ranar darasi kai ke ɗauko ni, sandata a tsakaninmu. Na sha yin fushi in ce na daina, kai kuma washegari sai in ji ƙarar babur a ƙofar gida. Yau ni ke koyar da ajin. Daga aikin nan nake ciyar da iyalina, kuma babban ɗana bai bar makaranta ba.

Da na je gaishe ka kwanakin ƙarshe, muryarka ta yi ƙasa, amma tambayarka ɗaya ce: ko an rufe sabuwar rumfar koyon aiki da muka fara a bayan ofis? Na ce saura kaɗan. Yaya, mun rufe ta. Bayan an kai ka makwancinka, birkiloli da kafintoci da masu aikin famfo suka wuce can da ƙurar maƙabarta a ƙafafunsu, ba wanda ya kira wani. Ɗaliban farko za su shiga wata mai zuwa, cikinsu har da matan magina biyu da suka rasa mazajensu suke son riƙe sana'ar.

Ina miƙa ta'aziyyata ga uwargidanka Hajiya, wadda ta yi haƙuri da mu muna cika mata zaure dare da rana, da 'ya'yanka, da 'yan'uwanka, da dukkan 'yan ƙungiya. Hajiya, ki sani duk abin da ya lalace a gidan nan, daga rufi har famfo, kina da 'ya'ya masu yawa.

Allah Ya jiƙanka, Yaya, Ya gafarta maka kurakuranka, Ya yalwata kabarinka Ya haskaka shi. Ka rufa wa iyalai da yawa asiri a duniya, Allah Ya rufa maka naka ranar tsayuwa, Ya ba ka gida a Aljanna Firdausi. Mu kuma Ya kyautata namu zuwan. Amin.