Bakina ne ya kori kocinmu daga fili

A lokacin da wannan abu ya faru, ni matashi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ina ɗinki a wani ɗan shago kusa da kasuwar Rano. Ban yi aure ba, kuma babu abin da ya cika mini zuciya kamar ƙwallo. Ba na bugawa, ƙafata ba ta taɓa iya komai ba, amma Allah ya ba ni murya da kaifin baki, shi ya sa samari suka naɗa ni shugaban magoya bayan kulob ɗinmu. Ni nake ɗinka tutarmu, ni nake tsara waƙar da za a rera a bakin fili. In na ɗaga hannu a yi ihu, in na sauke a yi shiru, ni kuwa ina jin kaina kamar wani mai mulki. Edita, ina roƙon ka buga wasiƙar nan yadda na rubuto ta. Ba zan ambaci sunan kowa ba. Waɗanda suka san abin za su gane, waɗanda ba su sani ba kuma darasin ya ishe su.

Mutumin da na zalunta shi ne mai horar da 'yan wasanmu, zan kira shi Koci kamar yadda kowa yake kiransa. Kafin ya zama koci, shi ne ɗan gaban da kulob ɗinmu bai taɓa samun kamarsa ba. Gajere ne, bahago, ba shi da yawan magana. Har yau manyanmu suna ba da labarin ranar da ya zura ƙwallo kai tsaye daga bugun kwana ana tsuga ruwa, da ranar da takalminsa ɗaya ya yage, ya cire ɗayan ya jefar, ya ƙarasa wasan da ƙafa a ƙasa. Ya tafi Kano ya buga wa wani babban kulob na ɗan lokaci, gwiwarsa ta samu matsala, ya dawo gida yana ɗingishi. Sai ya koma noma a gonar mahaifinsa a Zurgu, ya kuma karɓi horar da 'yan wasanmu ba tare da kowa yana biyansa ba. Kullum bayan la'asar za ka hango shi a kan tsohon babur ɗinsa, da jarkar ruwa biyu a ɗaure a baya, da buhun ƙwallaye a gaba. Da damina ma daga gona yake wucewa fili, taɓo bai bushe a ƙafarsa ba.

A shekarar da nake magana, bayan an gama girbi, aka shirya gasar kofi tsakanin kulob-kulob na yankin Rano da Kibiya. Muka yi ta cin wasa har muka kai wasan ƙarshe, inda za mu kara da wani kulob daga Fassi. Tsakaninmu da su akwai tsohuwar hamayya, ta tsokana da dariya, don akwai auratayya, matar Koci kanta 'yar Fassi ce. Duk ƙarfinmu a lokacin yana kan ɗan gabanmu mai lamba tara, wani dogon saurayi ɗan gidan makiyayan da suka daɗe da zama a gefen gari. Shi ya ci mana yawancin ƙwallayen da suka kai mu inda muka kai. Mu magoya baya mun riga mun gama lissafi, in dai lamba tara yana fili, kofi namu ne.

Saura kwana biyu a yi wasan, na kai ɗinkin wani Alhaji Kibiya da hantsi. A hanyar dawowa sai na hango Koci a gindin wata darbejiya tare da wani mutum da na sani, malamin asibiti ne, kuma yana cikin shugabannin kulob ɗin Fassi. Na ga mutumin ya miƙa masa ambulan. Koci ya waiga dama da hagu, ya ninke ta ya cusa a aljihun gaba. Da ya gan ni muka gaisa, amma a gurguje, kamar wanda ba ya son a tsaya. Wallahi a ranar ban kawo komai a raina ba, na ce surukansa ne, ƙila saƙon gida ne.

Ranar wasa fili ya cika har kan katanga. Da 'yan wasanmu suka fito sai muka ga babu lamba tara, yana zaune a benci ya sunkuyar da kai. Muka yi ta kiran lambarsa, Koci bai ko waigo ba. Ana dab da tafiya hutun rabin lokaci aka zura mana ƙwallo ɗaya. Na kutsa cikin mutane na same shi, na tambaye shi me yake jira. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka yi haƙuri ƙanina, yau ba zai buga ba." Na nemi dalili, ya ce dalilin ba nasa ba ne balle ya faɗa. Haka aka tashi wasa ɗaya da nema, mutanen Fassi suka ɗaga kofi a gabanmu suna kiɗa. A daidai lokacin ambulan nan ta faɗo mini a rai. Na haye kan benci na ɗaga murya, na ce Koci ya sayar da mu, na gan shi da idona a Kibiya yana karɓar ambulan daga hannun shugaban abokan karawarmu. Wani ya tambaya daga cikin taro ko na ga abin da ke ciki. A nan na yi ƙaryar da ta hana ni sukuni har yau. Na ce na ga kuɗi. Ban ga komai ba sai farar takarda a rufe.

Kafin ka ce me, an kewaye shi. Aka fara da jifa da ledar ruwa, aka koma tsakuwa, wani ya ture babur ɗinsa jarkokin suka fashe. Yana tsaye bai ɗaga hannu ba, bai zagi kowa ba, abin da yake maimaitawa kawai shi ne Allah ya sani. Wasu dattawa ne suka shiga tsakani suka raka shi har bakin titi. Da na tsaya a nan, da ƙila abin ya mutu cikin mako guda. Amma sai na zauna a kan keken ɗinki na tsara masa waƙa, na laƙaba masa suna mai ambulan. Waƙar ta shiga gari, ta bi shi kasuwa, ta bi shi wajen ɗaurin aure, ta bi 'yarsa har makarantar Islamiyya. Da abin ya yi yawa, mai unguwa ya tara mu a zaurensa. Koci ya rantse cewa babu ko kwabo a cikin ambulan ɗin. Na ce in haka ne ya kawo ta kowa ya gani. Ya ce amana ce, ba zai iya ba. Ya ciro usur daga wuyansa ya ajiye a gaban mai unguwa, ya ce buhun ƙwallaye yana waje, a yafe masa in ya taɓa ɓata wa wani. A cikin makon lamba tara ya bar gari ya tafi kudu neman aiki. Muka ce ga shaida nan, baƙin cikin abin da aka yi masa ne ya kore shi.

Shekaru suka yi ta tafiya. Kulob ɗinmu ya canza masu horarwa ban san adadi ba, bai ƙara kai wa wasan ƙarshe ba. Ni kuma na yi aure, na samu 'ya'ya, zafin ƙwallon ya ragu. Koci bai sake taka filin nan ba ko da wucewa. Nakan gan shi ranar kasuwa ya kawo dawa ko gyaɗa, kuma kullum shi yake fara yi mini sallama. Ni kuwa sai in amsa a ciki in kau da kai, don na maimaita ƙaryar har na fara yarda da ita.

Wajen shekara tara bayan haka, ana saura 'yan kwanaki babbar Sallah, lamba tara ya zo gida ya kawo mini shadda in ɗinka masa. Ya yi ƙiba, furfura ta fara fito masa. A ƙofar shagona akwai majalisar tsofaffin magoya baya, suka tashi aka yi ta murna, hira ta koma kan ƙwallon da. Wani ya ce ai ba don mai ambulan ba, da kofin nan yana Rano. Sai na ga lamba tara ya ajiye shaddar a hankali ya zauna a kan benci. Ya ce mu ji tsoron Allah mu daina kiran bawan Allah da wannan suna, shi ne ya san abin da ke cikin ambulan, don sunansa ne a rubuce a jikinta. Ya ba mu labari cewa a makonnin gasar sau biyu yana yanke jiki ya faɗi bayan atisaye, ƙirjinsa yana masa kamar an ɗora dutse. Koci ya ɗauke shi a babur ya kai shi wajen malamin asibitin nan a Kibiya, don kada a gan su a Rano magana ta fita. Daga can aka tura shi Kano aka yi masa hoton zuciya, sakamakon ne malamin ya karɓo ya ba Koci a ranar da na gan su. An ce zuciyarsa tana da matsala, gudu mai tsanani zai iya kashe shi a fili. A lokacin an sa masa ranar aure, yana tsoron in iyayen yarinyar suka ji za su fasa, shi ya sa ya haɗa Koci da Allah kada ya gaya wa kowa. Ya ce har kuka ya yi a bar shi ya buga ko minti goma ne, Koci ya ce gara a rasa kofi goma da ya ɗauki gawarsa ya kai wa mahaifinsa. Ya ƙare da cewa yana kallo aka jefi mutumin nan saboda shi, tsoro ya hana shi buɗe baki, kunya kuma ta sa ya gudu, daga baya aka kai masa amaryarsa can.

A majalisar babu wanda ya kalle ni, kuma hakan ya fi mini zafi a kan a zage ni.

Washegari da safe na hau babur na nufi Zurgu. Ban san ma Koci ba shi da lafiya ba sai da na isa. Ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, wato ƙafar nan da ta sa garinmu alfahari. Matarsa ta sa aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, aka jingina shi da bango. Na durƙusa a gabansa na ce, "Koci, ban ga kuɗi ba. Ƙarya na yi maka." Ya ce ya sani, ai shi ne ya riƙe ambulan. Ya ce ya daɗe da yafe mini, don ya san zafin rashin kofi, shi ma ya taɓa zama matashi. Na nace ya faɗa mini abin da ya fi ƙona masa rai, don in san girman abin da na ɗauka. Da ƙyar ya ce ba jifan ba ne, ba kuma waƙar ba. Mahaifiyarsa ce, tana kwance a ciwon da ta rasu a cikinsa, ta kira shi ta tambaye shi ko gaskiya ne ya ciyar da su haram. Ya rantse mata, ta ce ta yarda, amma har ta rasu ba ta ƙara cin abin da ya sayo da kuɗi ba, sai wanda ta ga ya fito daga rumbu. Na fashe da kuka kamar ƙaramin yaro. Ya bari na yi mai isata, sannan ya tambaye ni lafiyar lamba tara, da ko ya samu haihuwa. Na ce 'ya'yansa huɗu. Ya yi murmushi da gefen bakin da yake motsi, ya ce, "To, alhamdulillahi. Ban yi asara ba."

Da izinin lamba tara, bayan Sallah na je fili ana atisaye, na tsaya na faɗi gaskiya da ƙarfi kamar yadda na faɗi ƙarya. Sai dai mutanen da suka ji ni a wancan karon ba su ne a wurin ba. Wasu sun rasu, wasu sun bar gari da ƙaryata a kunnensu, samarin da ke bugawa kuwa suna ta tambayar juna wa ake nufi. Muka yi shawarar shirya wasa na musamman don girmama Koci bayan girbi, mu ɗauko shi a mota ya zauna a benci ko sau ɗaya. Bai kai ba, Allah ya karɓi abinsa ana tsakiyar damina. Mutanen Fassi sun fi mu yawa a wajen jana'iza. Yanzu in aka zauna a majalisa kowa yabonsa yake yi, a tuna ƙwallon kwana, a tuna jarkokin ruwa, har waɗanda suka jefe shi. Ni dai in aka fara sai in sunkuya a kan kekena in yi masa addu'a.

Abin da na koya shi ne, ya yafe mini, amma yafiyar ba ta mayar masa da shekara taran da na raba shi da abin da ya fi so ba, ba ta kuma kai wa mahaifiyarsa gaskiya ba. Ina kira ga 'yan'uwana magoya bayan ƙwallo, musamman yanzu da kowa yake da waya kuma magana take kewaya gari kafin a tashi wasa. In an ci ku, ku koma gida ku huce kafin ku buɗe baki. Kada ka ce ka ga abin da ba ka gani ba don kawai taro yana jiran ka faɗa. In mutumin da ya yi shekaru yana yi muku hidima ya yi shiru a gaban zargi, ku yi tunanin ko wani yake rufa wa asiri. Kuma wanda ya san ya ɓata sunan wani, ya tashi yau ya je ya gyara, tun mutanen da suka ji ƙaryar suna raye. Duk wanda ya karanta wannan, ina roƙon ya sa Koci da mahaifiyarsa a addu'a. Allah ya jiƙansu, ni kuma ya yafe mini.