Abin da Idon Baba Wahabu Bai Gani Ba

Duk Juma'ar da ake buɗe convention, wato babban taron baje kolin littattafan zane, ƙarfe bakwai na safe a tashar jirgin ƙasa ta Woolwich take yi wa Baba Wahabu. Ya gangaro daga Plumstead da jakar baya da takalminsa mai taushin tafi, bai sha ko shayi ba, don kada fitsari ya tashe shi daga wurin aiki. Haka zai yi kwana uku a tsaye a cikin zauren da hayaniya ba ta yankewa. Shekara goma sha tara yana wannan, tun kafin a yi layin jirgin nan na Elizabeth line.

Bari in faɗa muku aikin, don na gaji da tambaya. Akwai masu tara littattafan labarin zane, waɗanda ake kira comics. Idan wanda ya zana littafin ya sa hannu a bangonsa, darajarsa ta ƙaru, amma sai in akwai mai shaida da kamfani ya amince da shi, ya gani da idonsa, ya karɓi littafin daga hannun mai zanen, ya cike takarda, sannan a rufe shi cikin roba mai tauri. Baba ne mai shaidar. Ni Karimatu ina bayan tebur ina sa littattafan a leda. Ganina ba ya cikin lissafi, nasa ne ake rubutawa.

Mutanenmu sun sha yi masa dariya. A masallaci har suna suka sa masa, wai mai gadin littafin yara. Shi ko a jikinsa. Bai taɓa karanta littafi ɗaya ba ma, in ka tambaye shi wane ne mai jar riga da ke tashi sama, sai ya ce Allah ya sani.

Amma mun ga abin da muka gani. In lokacin salla ya yi, sai ya kulle akwatinsa ya tafi lungu, kuma duk wanda ya yi gaggawa aka sa masa hannu a bayan idonsa, to ya yi wa kansa. Wani ya taɓa zuwa da hoton da ya ɗauka a waya, ga mai zane ga biro a hannu, yana rantsuwa. Baba ya duba hoton tsaf, ya ce ya yi kyau, amma shi ba ya wurin. Gani ya kori ji, in ji mutane. Baba, kai ne ka mayar da wannan magana sana'a, ka tsaya a kanta har ƙafafunka suka kumbura.

Abin ya faru ne a bazarar bara. Wani tsohon mai zane, Mista Mordecai, ya zo zamansa na ƙarshe na sa hannu, layi har ya karya kwana. Wajen la'asar wani mutum da ya yi tafiyar awa biyar a jirgin ƙasa ya ajiye littafi mai baƙin bango. Tsohon ya ja biro mai ruwan azurfa a kai ya miƙa wa Baba. Sai na ga Baba ya kai littafin dab da fuskarsa, ya matsar, ya karkata shi wajen fitila. Ya sunkuyo ya tambaye ni a hankali, da Hausa, ko an sa hannun.

Na ce an sa mana, ga shi nan ɓaro-ɓaro.

Sai ya ce, "Ke kika gani, 'yata. Ni hannu na ga yana motsi."

Wallahi raina ya ɓaci. Na ce masa ya cike takardar mu wuce wurin, tsohon yana zaune, ni na gani, mutum ɗari sun gani, ba ƙarya ba ce. Ya ce ya sani ba ƙarya ba ce, amma takardar cewa ta yi shi ya gani. Ya mayar wa mutumin littafinsa da hannu biyu yana ba shi haƙuri. Mutumin ya wanke shi tas da Turanci a gaban jama'a, kuma ban ga laifinsa ba, don dama ce da ba za ta dawo ba. Baba ya kira wani abokin aikinmu ya tsaya a madadinsa, ya cire badge ɗinsa, katin aikinsa ke nan, ya sa a aljihu.

Daga baya likita ya ce hawan jinin ido ne, ya daɗe yana ci, abin da ya tafi kuma ya tafi. Kamfani sun ce ya zauna, za su ba shi kujera da fitila mai ƙarfi, ba wanda zai sani. Ya ƙi. Na bi shi har gidansa ina masa faɗa kamar ni na haife shi, na ce ina zai sa kansa, shi da ba shi da kowa a nan sai wannan aiki. Ya ce shi ma bai sani ba, kuma yana jin tsoro. Sai ya ce, "Amma littattafan da na shaida a watannin baya, su ne ke hana ni sukuni. Ban san ranar da idon ya fara yi mini ƙarya ba."



Yanzu ina zuwa aikin ni kaɗai, kuma na gaji, gaskiya. Wanda ya gaje shi mutumin kirki ne, amma yana duba waya.

Baba Wahabu, na gode. Allah ya saka maka da alheri, ya tsare maka sauran hasken da ya rage. Ku kuma 'yan'uwana masu tura duk labarin da ya faɗo wayarku, ku ɗora da "wallahi na gani", ku ji kunya. Akwai dattijo a Plumstead da ya bar aikin da ba shi da kamarsa saboda wannan kalma, a kan littafin da kuke kira na yara.